Yadda ake zaɓen kujerar taga idan za a tsallaka Tekun Atlantika

Idan ejan ya tambayi matafiyi inda yake son zama, amsar ba ta wuce "a ba ni taga." Ya ba ka tagar, ka yi godiya, ranar tafiya ka tarar fiffiken jirgi ya shimfiɗe a gabanka tun daga tashi har sauka, ko rana ta dafe maka fuska awa bakwai har ka haƙura ka ja murfin tagar. A daidai lokacin kuma wani da ya biya kuɗi daidai da naka yana ɗaya gefen jirgin yana kallon tsaunukan Girinlan lulluɓe da ƙanƙara. Abin da ya raba ku shi ne ya san hanyar da jirgin zai bi, ya san inda rana za ta tsaya, ya kama kujerarsa da wuri. Duk ukun ana iya saninsu daga Abuja ko Jos kafin a biya ko kwabo.

Mataki na 1: Ka fara sanin ta ina za a bi da kai

Mai tashi daga filin jirgin saman Nnamdi Azikiwe zuwa Amurka ko Kanada, zango biyu ne aƙalla a gabansa. Ko dai ya bi ta Turai: Landan da British Airways, Firankfot da Lufthansa, Faris da Air France, Istanbul da Turkish Airlines. Ko ya bi ta Kasabalanka da Royal Air Maroc. Ko ya sauka Legas ya hau Delta zuwa Atlanta ko United zuwa Washinton kai-tsaye. Mutanen Jos kuwa sai sun gangaro Abuja tukuna, ko su tashi daga filin Yakubu Gowon da ke Heipang zuwa Legas.

Ga mai son kallo, waɗannan hanyoyi ba ɗaya ba ne. Legas zuwa Atlanta ya haura kilomita 9,000, awa 12 ko fiye, kuma da zarar an bar gaɓar Afirka ta Yamma ruwa ne da gajimare har a hango Amurka. Hanya ce mai sauƙi ga mai tafiya da tsoho ko da yara, amma kallonta kaɗan ne. Ta Kasabalanka ma tsakiyar teku ake ratsawa, sai dai wani lokaci a gifta kusa da tsibiran Azores, inda dutsen Pico mai tsayin mita 2,351 yakan leƙo ta saman gajimare.

Kallo na gaske yana hanyar Turai, kuma ga dalili. Duniya dunƙulalliya ce, don haka hanya mafi kusa tsakanin Landan da Shikago ba ta miƙe yamma kamar yadda taswirar bango take nunawa. Ka samu ƙwallon taswirar duniya irin na makarantar yara, ka ɗora zare daga wannan gari zuwa wancan ka ja shi ya yi tsauri, za ka ga zaren ya lanƙwasa arewa, ya bi ta Ayalan, ya gifta ƙasan Aisilan, ya wuce ta kudu da Girinlan, sannan ya gangaro ta Labrador a Kanada. Gwargwadon nisan garin da za ka cikin yammacin Amurka, gwargwadon yadda hanyar take ƙara hawa arewa. Mai zuwa Niyu Yok ko Boston sau da yawa kudu da Girinlan yake wucewa bai gan ta ba. Mai zuwa Toronto ko Shikago wani lokaci yakan taɓa ƙarshenta na kudu. Mai zuwa Los Anjalas, San Faransisko, Siyatil ko Bankuba kuwa kusan kullum ta samanta yake ketarawa.

Sai dai hanyar ba ta zama wuri ɗaya. A can sama akwai wata iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas, wadda a lokacin sanyi takan wuce kilomita 200 a awa. Mai zuwa Amurka gudunta yake yi, mai dawowa kuma nemanta yake ta tura shi. Shi ya sa Landan zuwa Niyu Yok yakan ci kusan awa 8, dawowa kuma kusan 7. Saboda wannan iska, kowace rana sai an shata sababbin layukan da jirage za su bi a kan tekun: cibiyar Shanwick ta Birtaniya da Ayalan tana shata na masu zuwa yamma, ta Gander a Kanada tana shata na masu zuwa gabas. Ranar da iskar ta yi ƙarfi a tsakiya, sai a kora jiragen Niyu Yok ma can arewa, fasinja ya tsinci Girinlan bai nema ba.

Abin yi a nan: ka ɗauki lambar jirginka, wato haruffa biyu da lambobin da ke kan tikiti, ka saka a shafin bin diddigin jirage na Flightradar24 ko FlightAware, ka duba layin da ya bi a kwanakin baya. Idan sau biyar cikin bakwai ya bi ta wuri kaza, ka san inda za ka sa rai.

Mataki na 2: Ka duba agogo da kalanda

Tagar dare ba ta da amfani sai a wuri biyu, fitilun birane da hasken arewa da za mu zo kansa. Jiragen Turai zuwa Amurka yawanci tsakanin hantsi da la'asar suke tashi, su bi rana a baya har su sauka da sauran haske. Na dawowa kuma da yamma ko dare suke tashi su wayi gari a Turai. Ke nan zuwa shi ne na kallon ƙasa. Idan an ba ka zaɓi tsakanin jirgin ƙarfe 10 na safe da na ƙarfe 5 na yamma daga Landan ko Firankfot, ɗauki na safe, musamman daga Nuwamba zuwa Janairu. A waɗannan watanni rana ba ta daɗewa a arewa mai nisa, har jirgin da ya tashi da tsakar rana yana iya shiga duhu a saman Girinlan ya sake fitowa haske a Kanada.

A ganina Maris zuwa Mayu ya fi kowane lokaci. Yini ya yi tsawo, ƙanƙarar da ta rufe teku ba ta gama narkewa ba, ana ganin yadda ta tsattsage. Amma ba wanda zai yi maka alkawarin sararin sama garau. Arewacin Atlantika gidan gajimare ne.

Mataki na 3: Dama ko hagu

Wannan shi ne zuciyar maganar, kuma wanda ya saba hawa motar haya daga Abuja zuwa Jos ya riga ya san rabinta: tun a tasha yake lissafin gefen da rana za ta bugo, da gefen da zai fi ganin kwari idan an fara Hawan Kibo, kafin ya ajiye jakarsa a kujera. Lissafin ɗaya ne a jirgi.

A nan gida rana kusan ta saman kai take bi. A Turai da Kanada ba haka ba ne, ta kudu take karkata yini guda, rani da damina. Jirgin da ya fuskanci yamma, hagunsa kudu ne, damansa arewa. Don haka wanda ya zauna hagu a tafiyar zuwa Amurka rana na kansa tun daga tashi. Hasken yana dukan tagar, yana fito da duk wani ƙarce da ke jikinta, teku yana ƙyalli har ido ya yi ruwa, maƙwabcinsa kuma yana roƙonsa ya rufe don ba ya ganin allon talabijin. Wanda ya zauna dama rana tana ɗaya gefen jirgin daga gare shi, tana haska masa ƙasar da yake kallo. Kuma duk abin kallon a arewa yake: Aisilan, Girinlan, gaɓar Labrador. Idan jirgi ya ratsa tsakiyar Girinlan kowa zai gani, idan kuwa ta kudu ya gifta, na dama kaɗai ke da rabo.

Ƙa'idar ke nan: ka nemi gefen arewa. Dama idan za ka Amurka, hagu idan za ka dawo.

Dama da hagu a nan na mai zaune ne yana fuskantar hancin jirgi. A kan taswirar kujeru, harafin A shi ne tagar hagu a kowane jirgi. Tagar dama ita ce harafin ƙarshe a layin: K a yawancin manyan jirage, L ko J a wasu, F a ƙananan jirage masu hanya ɗaya a tsakiya irin waɗanda ke zirga-zirga tsakanin Abuja da Legas. Kada ka ce wa ejan "dama" kawai, don wani zai lissafa daga inda yake kallon allonsa. Ka ce masa, "Malam, ka sa ni a K, harafin ƙarshe."

Mataki na 4: Wane layi

Fiffiken babban jirgi faɗi gare shi, kuma abin takaici daidai farkon ɓangaren gama-gari yake faɗowa. Kujerun da ke gabansa galibi na masu tikitin alfarma ne. Idan ofis ne ya biya maka, to madalla, zauna gaba, can ne kallo ya fi tsabta, ƙarar inji kuma ta fi sauƙi. Idan daga aljihunka ne, ka koma baya sosai. Layi biyu ko uku bayan fiffike bai isa ba, domin fiffiken ya karkata ne baya, tsininsa zai ci gaba da tare maka ido, ga zafin da inji ke fitarwa yana sa iska ta riƙa rawa, hoto ya fito dishi-dishi. Ka ƙirga layi bakwai ko takwas daga ƙarshen fiffike. Layuka biyu na can ƙurya kuma ka bar su: bayan gida na kusa, mutane na tsaye a kanka, wasu kujerun ba sa kwantawa, girgiza ma ta fi yawa a wutsiya.

Akwai tarkon da ya fi fiffike ciwo, wato kujerar taga marar taga. A kusan kowane irin jirgi akwai layi ɗaya ko biyu da bututun iska ya bi ta bangon, sai a toshe wurin. Kamfani zai sayar maka da ita da sunan taga, ka je ka tarar bango. Shafin AeroLOPA yana zana kujeru tare da ainihin inda kowace taga ta faɗo, kamfani-kamfani, jirgi-jirgi. Ka duba irin jirgin a tikitinka, ka buɗe zanensa, ka zaɓi layin da taga ta zo daidai kafaɗa ko ɗan gaba kaɗan. Wadda ta koma bayan kunne sai ka sauka da ciwon wuya.

Layin ƙofar gaggawa yana da wurin miƙe ƙafa, amma sau da yawa kan fiffike yake, tagarsa ƙarama ce ko babu, sanyi na shigowa ta gefen ƙofar, kuma ba a ba yaro ko mai rauni.

Irin jirgin ma yana da tasiri. Boeing 787 ya fi sauran manyan tagogi, kusan santimita 47 a tsaye, amma ba shi da murfin da ake ja. Maɓalli ne ake dannawa gilashin ya yi duhu, kuma ma'aikatan jirgi suna iya duhunta tagogin gaba ɗaya daga wurinsu su kulle. Idan aka yi haka kana saman wurin da kake son gani, ka kira ma'aikaciya cikin ladabi ka roƙa ta sakar maka taka, sau da yawa suna yi. Airbus A330 kujeru biyu-biyu ne a gefe, Boeing 767 ma haka, wanda ya fi dacewa da miji da mata: ɗaya a taga, ɗaya a bakin hanya, ba baƙo a tsakani. Boeing 777 da 787 da Airbus A350 uku-uku ne a gefe.

Mataki na 5: Kama kujerar

Da zarar ejan ya turo tikiti, ka nemi lambar bukin, mai haruffa da lambobi 6. Da ita da sunan mahaifi kamar yadda yake a fasfo za ka shiga shafin kamfanin ka ga taswirar kujeru da idonka. Kada ka dogara da "na riga na sa maka." Ka kuma lura da kamfanin da zai tuƙa jirgin a zahiri, domin kana iya sayen tikitin Lufthansa a ɗora ka a jirgin United ko Air Canada, ko na British Airways a ɗora ka a American Airlines. A irin wannan hali wani lokaci sai a shafin mai jirgin ake iya zaɓen kujera.

Tikiti mai rahusa yawanci ba ya zuwa da zaɓen kujera kyauta. Ko ka biya tun yanzu, ko ka jira a buɗe cekin ta intanet, awa 24 zuwa 30 kafin tashi gwargwadon kamfani, ka shiga a mintin farko. Idan kuɗin zango ɗaya kawai za ka iya biya, ka biya na tsallaka teku a tafiyar zuwa.

Ka sake leƙawa kwana biyu kafin tafiya. Kamfanoni sukan sauya jirgi, kujerun su warwatse, 41K ɗinka ta koma 41E a tsakiyar mutum huɗu. Idan hakan ta faru kuma taswira ta cika, ka isa filin jirgi da wuri ka tambaya a kanta, ka sake tambaya a ƙofar shiga, don a nan ne kujerun waɗanda ba su zo ba suke fitowa. Tun da ana maganar takardu, ka tabbatar da sharaɗin yada zango na ƙasar da za ka bi. Mai fasfon Najeriya da ke riƙe da bizar Amurka ko Kanada mai rai yawanci ba ya buƙatar wata bizar wucewa a Landan, Faris ko Firankfot idan ba zai fita daga filin ba, amma ka ji daga bakin kamfanin kafin ka biya.

Mataki na 6: Kada ka raina zangon farko

Mutane kan ɗauki Abuja zuwa Turai a matsayin share fage, alhali idan da rana aka yi shi, ba abin da Atlantika zai nuna masa. Jirgin British Airways ya saba barin Abuja da safe, awa 6 da 'yan kai zuwa Landan, na Firankfot da Faris kuma sun fi tashi da dare. Arewa ake fuskanta, da safe rana tana gabas, wato dama, don haka a wannan zangon A ce kujerarka.

Cikin awa guda gonaki sun fara sirancewa, kore ya koma ruwan ƙasa, an shiga Nijar. Daga nan Sahara ce, kuma duk wanda yake zaton yashi ne zalla zai sha mamaki. Akwai baƙaƙen duwatsun Azbin a yankin Agadas, akwai busassun koramu da suka yi rassa a kan dutse, akwai tsaunukan Hoggar kusa da Tamanrasset a kudancin Aljeriya, inda ƙololuwar Tahat ta haura mita 2,900, sai kuma tuddan yashi jere-jere. Ƙasar da ayarin raƙuma ke kwashe watanni suna ratsawa tsakanin Kano da gaɓar arewa, jirgi yana gama ta kafin a kwashe kwanukan abinci na biyu. Can sai tsaunukan Atlas, sai shuɗin Bahar Rum ya buɗe kwatsam. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazon hunturu yakan shafe sashen farko na wannan kallo, tun daga Abuja har cikin Nijar. Hanyar ma takan sauya da siyasa: a Agustan 2023 da Nijar ta rufe sararin samaniyarta, jirage zagaye suka riƙa yi.

Akwai wata 'yar sarƙaƙiya a ƙarshe. Mafi yawan ranaku jiragen da za su sauka Heathrow ta gabas suke shigowa su ratsa saman Landan suna fuskantar yamma, kuma na dama ne ke ganin kogin Thames da gadar Tower da ginin majalisa. Sai ka zaɓa, Sahara ba rana a ido, ko Landan na minti biyar. Ni Sahara zan ɗauka.

Na Jos da zai bi ta Legas, ya kama taga tun daga Heipang. Kududdufan da haƙar kuza ta bari a kewayen Bukuru da Barkin Ladi ba su da kyan gani irin na sama.

Mataki na 7: Sanin lokacin ɗaga murfi

A nan ne ake asarar kujera mai kyau. Daga Landan, Aisilan tana wajen awa 2 da rabi, gaɓar Girinlan kuma awa 3 da rabi zuwa 4. Wannan kuwa shi ne daidai lokacin da aka ci abinci, aka rage fitilu, kowa ya ja bargo. Jirgi ya ratsa wurin da ya fi ko'ina kyau a tafiyar, mutum ɗari uku suna barci. Ka bar taswirar tafiya a kunne a allon gabanka, ka sa ƙararrawar waya mai girgiza a awa 3 bayan tashi.

Jirgin yana tsakanin kilomita 10 da 12 a sama, sanyin waje ya kai digiri 50 ƙasa da sifiri. Daga wannan tsayi, idan sama ta washe, ido yana kaiwa kusan kilomita 370, wato ya ɗara nisan Abuja da Kano a miƙe. Don haka ko taswira ta nuna kun ɗan yi kudu da tsibirin, ka duba can bakin sama.

Alamar farko fararen ɗigo ne a kan shuɗin ruwa. Curin ƙanƙara ne da suka ɓalle suke yawo a teku, wasunsu sun fi gidan bene girma. Sai ruwan ya koma farfasassun faranta farare, sai tsaunuka masu tsini baƙaƙe su taso daga cikin dusar ƙanƙara, teku ya kutsa tsakaninsu ta dogayen lunguna. Ka nemi kogunan ƙanƙara, masu gangarowa daga tudu zuwa teku da baƙaƙen zane a bayansu, wato tsakuwar da suka kankaro daga jikin dutse. Bayan gaɓa kuma sai fari fat ba iyaka, har ka ɗauka gajimare ne. Shimfiɗar ƙanƙarar ce, ta rufe kusan kashi 80 cikin 100 na tsibirin, kaurinta a tsakiya ya kai kilomita 3. Tsibirin kansa ya ninka Najeriya sau biyu da ɗoriya, mutanensa kuma ba su kai 60,000 ba. A lokacin zafinsu za ka ga tafkuna masu shuɗi mai haske a kan farin, inda saman ya narke. Idan ta ƙarshen kudu kuka bi, duk abin bai wuce minti 20 zuwa 30 ba, don haka ba lokacin zuwa bayan gida ba ne.

Bayan wani ruwan kuma sai Kanada: Labrador da arewacin Kebek, dutse da dubban tafkuna, ba gari ba hanya. Mai zuwa Montiriyal ko Toronto ya sa ido ga tafkin Manicouagan, zobe ne na ruwa mai faɗin kusan kilomita 70, gurbin da wani dutse daga sama ya faɗo fiye da shekara miliyan 200 da suka wuce.

Game da maƙwabta, murfin taga a hannun mai taga yake, amma hasken ƙanƙara yana da ƙarfi, yana iya tashin layi uku daga barci. Ka ɗaga rabi, ka kare da jikinka ko bargo. Idan na kusa da kai dattijo ne kuma idonsa biyu, ka ce, "Baba, ga Girinlan fa, ko za ka leƙa?" Idan wata ta zo da yaro tana neman ku yi musanya, ka duba tata kujerar tukuna. Babu laifi ka ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, biya na yi saboda wannan gefen, bari mu roƙi ma'aikata su duba miki wani wurin."

Mataki na 8: Hoto

Ka goge tagar da hankici, maiƙon goshin wanda ya riga ka yana nan. Ka kashe filasha. Ka matso da waya dab da tagar amma kada ta taɓa, don karkarwar jirgi tana bi ta jikinta. Farar riga tana fitowa a hoto, don haka mai farar shadda ya yafa baƙin bargo ko rigar sanyi mai duhu. Ɗan ramin da za ka gani a ƙasan tagar ba lahani ba ne, an yi shi ne don daidaita iska tsakanin gilasan, sai dai raɓa takan daskare a kewayensa, ka ɗauki hoto ta sama da shi. Ka sauke taswirar yankin a waya tun kana gida, domin ko waya tana yanayin jirgi takan iya gane inda take idan ka kara ta a taga, ka san sunan abin da kake kallo.

Mataki na 9: Ka tambayi jikinka

Taga tana da kuɗin da ba a rubuta a tikiti. Duk tashin da za ka yi sai mutum biyu sun miƙe, kunya kuma takan sa mutum ya daure awa takwas bai motsa ba, ya ƙi shan ruwa don kada fitsari ya matsa shi. Dogon zama haka yana iya sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa. Mai juna biyu, wanda aka yi wa tiyata kwanan nan, wanda ya taɓa samun wannan matsala, da mai ciwon suga da ke yawan zagayawa, kujerar bakin hanya ta fi musu, su kuma ji shawarar likita kafin tafiya. Mai lafiya ya tashi duk bayan awa biyu, ya daidaita tashinsa da na maƙwabci.

Ga Musulmi taga tana da wata fa'ida. A tafiyar yamma yini yana miƙewa: ka bar Landan ƙarfe 11 na safe, ka yi awa 8 a sama, ka sauka Niyu Yok wajen ƙarfe 2 na rana. Agogon hannu ba zai gaya maka lokacin salla ba, rana ce za ta gaya maka. Mai azumi ma, abin da malamai da dama suka tafi a kai shi ne sai ya ga faɗuwarta daga inda yake, ko da agogon gida ya ce an sha ruwa tuntuni. Ka yi alwala kafin ka shiga jirgi, ka rage wa kanka fita ɗaya.

Mataki na 10: Dawowa

Yanzu A kake nema. Daga Satumba zuwa Maris, idan an yi sa'a, a saman Labrador da kudancin Girinlan za ka ga hasken arewa da ake kira Orora. Ƙwayoyin da rana ke fesowa ne suke karo da iskar can sama a kewayen ƙuryar duniya, sai sama ta kama haske kore, wani lokaci da ja a samansa. Ƙarfin abin yana hawa yana sauka a zagayen kusan shekara 11, kuma ya kai ƙololuwa a 2024. Daga taga da farko kamar wani farin gajimare yake, mutum ya kau da kai bai san ya gani ba. Ka kashe allonka, ka rufa bargo a kai har da tagar, ka ba idonka minti biyar ya saba da duhu. Idan kana shakka, ɗauki hoto da yanayin dare na waya, ita tana kama koren kafin ido. Awa 2 zuwa 4 bayan barin Niyu Yok ko Toronto ne lokacin dubawa. A Yuni da Yuli kada ka wahalar da kanka, sama ba ta yin duhu sosai a can, jan haske ne kawai yake kwana a bakin arewa.

Daren gajere ne, tun da jirgin gabas ya nufa yana tarar rana. Alfijir yana ketowa ya wuce da sauri fiye da yadda ka saba, mai jiran asuba ya kula. A lokacin zafinsu ta hagu za ka fara ganin ketowarsa, a lokacin sanyi ta dama.

Zangon ƙarshe zuwa Abuja, ka sake duba agogo. Idan da dare ne daga Landan, ba abin da za ka gani a Sahara sai duhu, ɗauki bakin hanya ka miƙe ƙafa. Idan da rana ne daga Firankfot ko Faris, jirgin kudu ya fuskanta kuma rana tana gangarawa yamma, wato dama, don haka A ce har yanzu.